Daminar Da Na Koma Wa Tafasa

A garinmu ba a tambayar ɗa ko yana kula da uwarsa. Uwar ake dubawa. In ta fito suna ko gaisuwar mutuwa, mata su dubi wuyanta, su dubi damtsenta, su ga yadda zane ya zauna mata, shi ke nan an yanke shari'a. Ni kaina na daɗe ina yanke wa ɗiyan wasu irin wannan shari'ar daga kan tabarmata, kuma a ganina ban cika kuskure ba. Ban yi lakol ba, wato boko, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma jikin mutum ina karanta shi.

Ɗana na fari yana fataucin wake da aya, daga kasuwar Gangara zuwa ta Gazawa, wani lokaci har Maradi. Tun da ubansa ya rasu bai taɓa dawowa daga kasuwa hannu sake ba: tsire a takarda, madarar gwangwani, sukari, shinkafa. Na ci, na yi jiki. In na wuce, ina jin mata na cewa wance ta haifi ɗa. Duk tsokar da ke jikina shaida ce a kansa, kuma ina tafe da ita da alfahari.

Sai gwiwa ta fara. Shekara uku ina salla a zaune. Daga baya kai ya shiga sarawa, in na tashi ƙasa ta juya da ni. Farkon daminar nan da nake ba da labari, matar ɗana ta matsa, muka hau amalanke zuwa likita. Wata majo muka tarar, wato ma'aikaciyar jinya, yarinya ce da ba ta wuce autata ba. Ta ɗaure mini hannu ta ce tansiyo ya hau, wato hawan jini. Ta sa na hau sikeli kamar buhun wake, ta duba, ta sake dubawa.

"Inna, jikin nan ya yi miki yawa."

Na ce, "Ya yi wa wa yawa? Ke kike ɗauke da shi?"

"Gwiwoyinki ke ɗauke da shi, kuma sun gaji."

Ta ce in rage mai, in rage gishiri, in bar sukari, tuwo in ci rabin abin da na saba, sauran cikin in cika shi da ganye. Ta ba ni wata takarda mai hotuna: shu, wato kabeji, da karoti, wato karas, da salati. Na ce mata waɗannan sai da sanyi ake kawo su daga lambu, yanzu ga ruwa ya sauka, a ina zan same su? Ta yi murmushi ta ce, "Ai kun fi mu ganye a ƙauye. Zogale, rama, yaɗiya, tafasa, duk ɗaya ne."

Da ta ce tafasa sai na ji bakina ya yi ɗaci. Shekarar yunwa, wannan ɗan nawa yana goye a bayana, wata da watanni tafasa muka ci, dafaffiya da ruwa, ba gishiri ba komai. Muna rigen-rigen tsinkarta da awaki. Ranar da gero ya dawo gidanmu na yi wa kaina alkawari ni da ita har abada. Yanzu ga yarinya da farar riga tana ce mini abincin da ya kusa kai mu kushewa shi ne magani, abincin da na yi ta roƙon Allah ya ba ni kuma shi ne ciwon. Har muka hau amalanke ban gane ba. Gaskiya har yau ban gama ganewa ba.

A hanya na ce wa matar ɗana, "Ke. Abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan ya tsaya. Ko shi kada ya ji."

Ta ce, "Inna, ai gara ya sani."

"Na ce kada ya ji."

Lissafina shi ne, in aka ji uwar wane tana cin ganye, ba wanda zai tsaya jin zancen majo. Cewa za a yi ya gaza. Shi kuwa ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in zaunar da shi in ce abincin da kake kawo mini shi ke karya ni. Sai na ƙudura zan rame a hankali cikin babban mayafi, in ci ganyena bayan ɗaki, ba mai sani.

Kwanon farko matar ɗana ta dafa mini tafasa yadda majo ta ce, ba mai, gishiri ɗan taɓawa. Loma ɗaya na kai, na ji ni a shekarar yunwar nan, har kukan yaron a bayana. Na ture kwanon. Washegari muka gwada rama, ta yi tsami kamar ta yi fushi da ni. Zogale ya fi su mutunci, amma shi ma in ba ƙuli-ƙuli, kamar kana cin shinge ne. Na ce a yi kwaɗo. Ta ce ai ƙuli-ƙuli da sauran mai a jikinsa. Na ce to an matse shi ko ba a matse shi ba? Ta ce an matse. Na ce to man yana kwalba, shi yana nan, ina laifinsa?

Tambayoyi suka yi ta cin kaina. Kuka ba ganye ba ce? Tun ina yarinya nake shan miyar kuka, me ya sa ba ta ramar da ni ba? Kabewa fa, ganye ce ko tuwo? In na yi dambu, garin gero kaɗan zogale da yawa, dambu na ci ko ganye? Albasa tana cikin lissafi? Na riƙa juya takardar majo ina duban hotunan, ko za su ce wani abu. Karoti yana nan ja wur, bai ce komai ba.

Majo ta ce kuma in riƙa tafiya. Sai na ce tunda haka ne, ni zan riƙa tsinko ganyen da kaina. Da sassafe nake fita ta bayan gida, da sandata da ƙwarya a cikin mayafi, in gangara gefen kwari inda tafasa ta yi duhu. In tsinka, in huta, in tsinka. Na ɗauka ba mai ganina. Ni da na fi kowa sanin cewa a garin nan ko kaza ta sake hanya sai an yi zancenta. Haka kuma matar da ke zagayawa da man gyaɗa gida-gida, wadda ta saba sauke tulunta a ƙofata, sau biyu na ce mata ta wuce, ba ma buƙata.

Bayan kamar sati biyu kwano ya fara shigowa.

Na farko daga taubashiyata, ɗiyar kawuna, wadda gidanta ke can ƙarshen gari. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya ya tafi arewa neman aiki. Tuwon gero ne da miyar kuɓewa, aka ce a ba ni. Washegari matar liman ta aiko da fura da nono. Jibi maƙwabciyarmu ta ɗago wake da shinkafa ta kan danga. Na tambayi matar ɗana ko an yi haihuwa ban ji ba, ko sadakar wani ce. Ta ce ita ma ba ta san komai ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne taubashiyar tawa. Tun muna ƴan mata ba ta taɓa ganina ta ƙyale ba. In na doso sai ta ce, "A buɗe hanya, ga rumbu ya yi ƙafa!" Ni kuma in ce mata tsinken sakace, iska na jiranki. To rannan muka haɗu a gidan gaisuwa, ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, ƴar'uwa. Ya haƙuri?" Ta kama hannuna ta riƙe, ta sake, ta wuce.

Haƙurin me? Wa ya mutu mini?

Na koma gida na zauna na haɗa abin da na gani. Ana aiko mini da abinci. Ana gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Mai zagina ta daina. Wa ake yi wa haka? Wanda ya kusa tafiya. Sai na tuna ranar da muka je likita, majo ta ja matar ɗana gefe sun yi magana ban ji ba. Na kira ta.

"Me ta gaya miki a bayan ƙofa?"

"Cewa ta yi in riƙa tuna miki da shan magani."

"Dube ni."

"Wallahi, Inna, shi ke nan."

Ban yarda ba. Na ciro farin yadin likkafanin da na ajiye a ƙasan adaka tun da daɗewa, na warware shi a rana, na duba ko gara ta taɓa. Na tsaya ina auna shi da ido, ina tunanin ko zai ishe ni a yadda nake, ko sai na rame tukuna.

Abincin kuwa ba a mayar da shi, kuma da sunana aka aiko. In na bar wa jikoki duka, za a ji, a ce na raina. Sai in ci ganyena bayan ɗaki, in fito in taɓa tuwon taubashiya, in kurɓi furar matar liman, in ɗanɗana waken maƙwabciya don hakkin maƙwabtaka. Da wata ya cika muka koma likita, na hau sikeli. Majo ta duba littafinta, ta dube ni.

"Inna, kina cin ganyen kuwa?"

"Kullum."

"Maimakon tuwo, ko bayan tuwo?"

Na ce, "A tsakani."

Ta dafe kai. Ta ce ban ragu ba, na ma ɗan ƙaru. Na ce to ko ganyen ne bai karɓe ni ba? Ta ce ba laifin ganye ba ne. Na so in gaya mata zancen kwanukan, sai na ga yarinya ce, ba za ta gane ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi duka. Ba a mayar da kwano wayam. Da can in aka aiko mini, da tsire nake mayarwa, ko ɗan sukari, ko shinkafa. Yanzu kuwa hannuna ya fara faɗawa a kwaɗo, na koyi haɗa zogale da rama don ɗaya ya kashe kaifin ɗaya, ina yanka albasa da tumatir a kai, ƙuli-ƙuli ɗan barbaɗe. A bakina ya fara zama abinci. Sai na ce bari su ma su ji abin da na iya. Kowane kwano ya shigo, in cika shi da kwaɗon ganye in mayar.

Cikin kwana uku kwanuka suka ninka. Har daga gidajen da ba ma shiri. Wata ta aiko da tiyar gero a ƙulle cikin tsumma, aka ajiye bayan ƙyaure ba a ce daga ina ba. Na ce lallai kwaɗon nan ya yi musu daɗi. Wani lokaci kuma in ce a'a, mutuwar ce dai ta matso. Haka na yi ta kai da kawo har gero ya nuna.

Ranar wata kasuwar Gazawa, bayan la'asar, ɗana ya dawo. Na ji tsayuwar motonsa, wato babur ɗinsa, amma bai shigo ba. Can ya shigo, ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna, ya kau da kai gefe kamar yadda ya saba. Matarsa ta tsaya tsakaninmu, don ta bakinta muke magana in zancen mai nauyi ne.

Ya ce, "Gaya wa Inna na tarar da damin gero uku a zaure. Liman ya aiko. Zakka ce. An ce in yi haƙuri, Allah shi ke rufa asiri."

Zakka. A gidan da kowace kaka ake fitar da ita a amalanke.

Ya ce, "Gaya mata yau a kasuwa mutum biyu da suka saba ba ni wakensu in kai Maradi sun ba wani. Na rasa dalili. Sai a hanya wani ya ce mini tun farkon damina ake ganin uwata a kwari tana tsinkar tafasa." Ya juya wajen matarsa. "Ki tambaye ta, me na rage ta da shi? In akwai, ta faɗa."

A lokacin komai ya jeru a gabana, kwanukan, gaisuwar, tiyar bayan ƙyaure. Ba mutuwata suke jira ba. Yunwa suka ga ta shiga gidanmu, suna rufa mana asiri ba tare da sun kunyata mu da tambaya ba. Abin da na ɓoye don kada a taɓa sunansa, shi ya kai sunan har gaban liman. Ni da nake cewa ina karanta mutane, wata huɗu ana karanta ni ban sani ba.

Matarsa ta dube ni. Na ce, "Faɗa masa."

Ta faɗa, tun daga sikeli. Sannan ya ce, "Gaya mata, da na sani, da zogalen ma ni zan riƙa sawo mata a buhu." Ya tashi ya fita. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da safe na ɗauki sanda na nufi ƙarshen gari, gidan taubashiyata, don ita ta fara. Rabon da in taka zuwa can da ƙafata an fi shekara biyu, kuma sau ɗaya kawai na tsaya hutawa. Na tarar da ita a tsakar gida tana gyaran tafasa a faifai. Na dubi rumbunta, an kwaɓe hular, wayam yake, ba ta ma damu ta rufe ba. Sabon geronta ɗan kaɗan ne a gefe. Tuwon da ta yi ta aiko mini, daga nan ya fito.

Na ce, "Ke kika ce wa gari muna yunwa?"

Ta ce, "Ni ban ce ba. Na gani, kowa ya gani. Zauna, ƴar'uwa, ba abin kunya ba ne."

Na zauna na gaya mata. Tana saurare baki buɗe. Da na kai wurin da majo ta ce jikin ya yi mini yawa, sai ta saki faifan. Ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa, har hawaye.

"Wayyo cikina! Ashe ƙoshi ne! Rumbu ya cika har yana tsagewa, mu kuma muna ta ɗura masa!"

"Ya isa, tsinken sakace."

"Bai isa ba! Ke kin san ranar da kwaɗonki ya iso nan kuka na yi? Na ɗanɗana, ba mai, ba gishiri, ƙuli kamar an yi masa rowa. Na ce wance da ke iyo a mai ita ce ta koma haka? Na kai wa matar liman ta taɓa, ita ma ta yi salati."

Na ce, "Ai na ɗauka ya yi daɗi."

"Daɗi? Ko akuyata ta shinshina ta bar shi."

Ta share ido ta jawo tukunya. Ta ce ni shekara ɗaya na ci tafasa na yi fushi da ita, ita kuwa kowace damina tare suke, sun san halin juna. Ina zaune ina kallo. Ta tafasa ganyen ta zubar da ruwan farko, ta matse shi da hannu biyu. Ta tura albasa guda da tattasai cikin garwashi har bayansu ya ƙone, ta ɓare, ta daka da daudawar batso. Ta jefa ganyen yakuwa kaɗan, ta ce in tsami ya riƙe harshe ba ya neman gishiri. Ƙuli-ƙuli ɗaya tak ta daka, amma sai da ya yi laushi kamar kwalli, ta ce haka yake kaiwa ko'ina. Ta cuɗa tun da ɗuminsa, ta turo ƙwaryar tsakaninmu.

Na ci. Na sake ci. Tafasa ce, ita ɗin dai, amma ban ji kukan yaro a bayana ba. Muka siɗe ƙwaryar. Na rasa ko in gode mata ko in ji haushi.

Na ce, "To sunan yaron nan fa?"

Ta ce, "Bakin mata ya ƙulla, bakin mata zai kwance. Gobe akwai suna a gidan maƙera. Ki tashi ki faɗa da bakinki."

"In tashi cikin mata in ce ƙiba ta kayar da ni?"

"Ko ki bari a ci gaba da kawo masa zakka."

Na tashi na faɗa. Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba. Na ce rumbunmu cike yake, ɗana bai rage ni da komai ba, abin da ya ba ni ne ma ya yi yawa har likita ta ce in koma ganye. Sai wata tsohuwa ta ce, "Allah ka ba mu irin wanga ciwo," gida ya kwashe da dariya. Na tsaya har suka gama. Na sha yi wa mutane da yawa dariya a rayuwata, ranar na biya.

Damin nan uku ba a mayar wa liman ba, don ba a mayar da zakka. Ɗana ya ƙara nasa a kai, aka loda a amalanke da rana tsaka kowa na gani, aka kai inda ya dace. Biyu sun sauka a ƙarshen gari, gidan taubashiyata. Bayan sati, ɗaya daga cikin masu waken ya dawo masa. Ɗayan bai dawo ba sai bayan salla.

Yanzu a ƙofar gida nake cin ganyena, ba bayan ɗaki ba. Taubashiyata ke zuwa da hantsi, ta kawo ganye da hannunta mai daɗi, ni in kawo rabin tuwon da aka hana ni. Da sanyi mun gwada shu da karotin takardar nan, ta gasa su a garwashi, ba laifi. Warwarona ya fara yawo a hannu. Goshina ya taɓa ƙasa a salla, ko da yake tashin sai da dafa bango. Ita kuma wuyanta ya fara cika, har na ji ana cewa ɗanta na arewa ya fara aike. Bai aiko ba. Na ji, ban gyara musu zancen ba, don ban san kuma wace shari'a zan yanke wa wa ba.

Kwanan baya wata baƙuwa daga Gidan Sori ta zo biki, na ga tana duban wuyana tana raɗa. Kafin in buɗe baki matar liman ta ce mata, "A'a, da gangan ne. Likita ce ta sa ta." Baƙuwar ta ce, "Da gangan? Mutum ya rame da gangan?" Ta dube ni in ba ta amsa. Na ce mata ni ma haka aka ce mini.

Shi kuwa bai daina kawo tsire ba. Duk ranar kasuwa sai ya tsayar da moto a ƙofar gida inda muke zaune, ya tsuguna ya ajiye takardar a gabana, mutane na wucewa suna gani. In karɓa da hannu biyu in sa masa albarka. In buɗe, in ɗauki yanka ɗaya in ɗora a kan tafasata, in tura wa tsinken sakace sauran.